MU SAN ITATUWA: Goro, baƙon da ba mu san garinsu ba

Albishirinku! Na san abin da za ku ce: goro. In na ce fari ko ja, ku ce fari ƙal. To madalla, albishir ɗin wanga wata shi ne goron da kansa.

A wanga fili mun saba zancen itatuwan da ke tsaye bakin gonakinmu, irin su gawo da kuka da magarya da aduwa. Yau za mu yi nisan tafiya, mu gangara kudu har kurmi, mu ga iccen da ba ya tsira a ƙasarmu, amma ba mu da sha'anin da za mu yi ba tare da ɗiyansa ba. Ba a raɗa suna sai da goro. Ba a ɗaura aure sai da goro. Mai zuwa gaida surukai ko malami ko sarki, da goro yake zuwa. Har abin da ba goro ba mukan ce mashi goro: goron salla, goron gayyata, goron albishir. Kullum kuɗinmu na fita saboda shi, daga Yamai har Damagaram. Duk da haka da yawa cikinmu za su tsufa ba su taɓa ganin iccensa ba. Wani na tsammanin cikin ƙasa ake tonon shi kamar gujiya. Wani na tsammanin nono yake yi kamar dabino. Ko ɗaya ba haka ba ne.

Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko: goron da ke cikin aljihunka iri ne mai rai. Ba a shanya shi, ba a soya shi, ba a dafa shi. Ɗanye ya baro kurmi, ɗanye ya iso bakinka. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa ake naɗe shi da ganye, da dalilin da ya sa hunturu ke ɓata shi, da kuma dalilin da ya sa zuba mashi maganin ƙwari ke da hatsari.

ƘASARSU GORO

Asalin goron da muke ci kurmin Afirka ta Yamma ne, tun daga Gine da Saliyo da Laberiya zuwa Kwaddibuwa da Gana. Kurmi daji ne mai duhu. Dogayen itatuwa sun haɗa kai can bisa, rana ba ta kaiwa ƙasa sai kaɗan. Ƙasar kullum da laima, busasshen ganye na ruɓewa yana zama taki. Iccen goro ba ya cikin manyan da suka fi kowa tsawo. Ƙarƙashinsu yake tashi, cikin inuwarsu.

Yana son ruwan sama mai yawa, daga milimetir 1,200 zuwa 1,800 ko fiye a shekara, kuma ruwan ya bazu cikin watanni da yawa. Yana iya jure rani na kamar wata 3, amma ba ya jure doguwar bazara. Zafin da ya fi so shi ne tsakanin digiri 23 da 28. Yana son ƙasa mai zurfi mai taushi, wadda ruwa ke wucewa ba ya kwanciya.

Bisa lissafin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, goron da aka samu a duniya a shekarar 2022 ya haura tan 300,000, kuma fiye da rabinsa daga Nijeriya ya fito. Sauran manyan masu nomansa su ne Kwaddibuwa da Kamaru da Gana da Saliyo. A Kwaddibuwa, garin Anyama da ke kusa da Abijan shi ne babbar matattarar goro. A Nijeriya kuwa sunan Shagamu ba ɓoyayye ba ne ga duk ɗan goro.

KAMANNIN ICCEN

Masana ilimin itatuwa suna kiran goron da muka sani Cola nitida. Danginsa na kusa, waɗanda duk ake ce ma Cola, sun fi iri 100, kuma dukansu ƴan Afirka ne. Ɗan uwansa da ya yi suna shi ne iccen koko. Abin mamaki, masana na yanzu sun sa shi babban gida guda da itatuwa da tsirran da muka sani ƙwarai: kuka da rimi da kukkuki da kaɗa da kuɓewa da yakuwa. Ashe baƙon namu yana da dangi a gari.

Iccen goro na gona yakan kai metir 9 zuwa 12. A cikin kurmi, inda yake neman haske, yana iya kaiwa metir 20. Ɓawonsa toka-toka ne, da tsaga-tsaga a tsaye. Kansa a cike yake da ganye, daga nesa sai ka ce babban mangwaro. Ganyen kore ne shar, mai kauri, mai sheƙi, ya fi na mangwaro faɗi, tsawonsa taƙi guda ko fiye. Ba ya kakkaɓe ganyensa gaba ɗaya kamar kuka. Rani da damana yana nan kore.

Yana da saiwa guda mai shiga ƙasa, amma yawancin ƙananan saiwoyin da ke ciyar da shi suna kusa da bisa, inda ruɓaɓɓen ganye yake. Shi ya sa manoman kurmi ba su zurfafa noma a gindinsa, kuma gobarar daji tana yi mashi mummunar ɓarna.

FURE DA ƊIYA

Furen goro ƙarami ne, fari mai ɗan ruwan ɗorawa, da zane ja-ja a ciki, bakinsa ya rabu gida 5 kamar tauraro. Icce guda yakan fid da fure iri biyu. Akwai namiji, wanda ya fi ƙanƙanta kuma ya fi yawa. Akwai wanda ke aikin mace, ya fi girma, shi ke zama ɗiya. Furen yana da wani wari da ke jawo ƙudaje da ƙananan ƙwari, su ke ɗaukar garin furen namiji su kai ma macen.

A nan akwai wata matsala da ta daɗe tana damun manoma. Da yawa daga itatuwan goro ba su karɓar garin furen kansu. Sai na wani icce, kuma ba kowane icce ba, sai wanda jininsu ya haɗu. Saboda haka za ka ga icce ƙato mai kyan gani ya cika da fure kowace shekara, furen ya zube, ɗiya ƴan kaɗan ko babu. A gona guda, ƴan itatuwa kaɗan ne ke ba da yawancin amfanin. Ma'aikatan binciken noma sun gwada kai garin fure da hannu daga icce zuwa iccen da ya dace da shi, suka ga ɗiyan sun ƙaru ƙwarai.

In fure ya kama, sai wata 4 zuwa 5 ɗiyan ke nuna. Wanda ya san ɗiyan kukkuki ya san tsarinsu. Kwanso ne har guda 5 a kan reshe ɗaya, sun baje kamar yatsun hannu. Kowane kwanso kore ne mai gurji-gurji, tsawonsa ya kai santimetir 10 zuwa 13, kamar ƙaramin mangwaro. In an fasa shi sai a tarar da goro 4 zuwa 8 a jere, wani lokaci har 10, kowane cikin farar riga mai taushi. Saboda matsuwar da suka yi cikin kwanso ne goro ke da gefe a daddanne, ba ya zama mulmulalle.

FARI DA JA DA SAURANSU

Farin goro da jan goro ba itatuwa daban ba ne. Icce guda yana iya ba da fari da ja da mai launi tsaka-tsaki, har ma a same su cikin kwanso ɗaya. Launin yana bin gadon uwa da uba, wato iccen da ya yi ɗiya da wanda garin furensa ya zo. Farin ya fi ƙaranci, shi ya sa ya fi daraja wurinmu. Marsa da minu su ma bambancin girma ne kawai. Daushe kuwa shi ne goron bara da aka aje ya kwana biyu, ɗacinsa ya ragu.

Ga hanyar gane iri mai sauƙi. Goron da muke ci yana rabuwa gida 2 cif. In ka ɓare shi ka duba gindin, za ka ga ɗan ƙaramin tsiro tsakanin ɓarin biyu. Wannan shi ne iccen gobe, ɓarin biyu kuwa guzurinsa ne. Akwai wani goron, Cola acuminata, wanda ke rabuwa gida 3 zuwa 6. Yarabawa suna ce mashi abata, shi suke girmamawa wajen al'adunsu, haka ma Ibo. Asalinsa ya fi karkata gabas, daga kudancin Nijeriya zuwa Kamaru da Gabon da Kwango. Namijin goro kuwa suna kawai ya ara. Iccensa daban ne, ba dangin goro ba ne ko kaɗan.

YADDA AKE SHIBKA SHI

A da can mutanen kurmi ba su cika dasa goro ba. In suna sassabe suka tarar da ɗan goro ya tsira da kansa, sai su bar shi, su share kewayensa, ya zama nasu da na jikokinsu. Manoman jihar Maraɗi da ke barin ƴan itatuwa cikin gona tun shekarun 1980, abin da ake kira sassaben zamani, za su gane wannan dabara ba sai an yi masu dogon bayani ba.

Mai son gonar goro ta sosai ga matakan da yake bi.

Na 1, zaɓen iri. Ana ɗaukar manyan goro lafiyayyu daga iccen da aka san yana haihuwa da kyau. Sabon goro yana da barci mai nauyi, yakan yi wata 2 ko 3 cikin ƙasa kafin ya tsira. Wanda aka aje ƴan watanni yakan tsira cikin ƴan makonni.

Na 2, raino. Ana binne goron zurfin santimetir 3 zuwa 5 cikin ƙasa mai laima, a ƙarƙashin rumfa. In ya tsira a maida shi cikin ƴar leda mai baƙar ƙasa, kamar yadda ma'aikatan gandun daji ke rainon itatuwa a nan. Yakan yi wata 6 zuwa shekara guda ana ba shi ruwa.

Na 3, dashe. In damana ta kama sosai sai a gina rami mai faɗi da zurfin kamar rabin metir, a cika shi da ƙasar bisa da taki. Tsakanin icce da icce ana barin metir 7 zuwa 10. In an bar metir 8 kowane gefe, kowane icce ya ci fili metir murabba'i 64, hekta guda ta ɗauki icce 156.

Na 4, inuwa. Ɗan goro ba ya son rana tsaye a kansa. Ana riga dasa ayaba a gonar don ta yi mashi laima. Kafin ya girma, manomi yana shibka rogo da doya da masara tsakanin layuka, ya samu abin ci. Da yawa kuma cikin gonar koko suke sa goronsu.

Na 5, haƙuri. Goron da aka shibka daga iri sai ya shekara 6 ko 7 kafin ya fara ɗiya, kuma ba ya cika ƙarfinsa sai ya haura shekara 12. Amma in ya kafu yana iya shekara 70 zuwa 100 yana ba da amfani. Wanda ya dasa yakan ci kaɗan, ɗansa ya ci da yawa, jikansa ya gada.

Don rage wanga dogon jira da kauce ma itatuwa marasa haihuwa, cibiyoyin bincike suna yin aiki da reshe maimakon iri. Ko a sa reshen icce mai kyau ya yi saiwa, ko a yi mashi aure da ɗan dashe kamar yadda muke yi ma mangwaro. Irin wanga dashe yana iya fara ɗiya cikin shekara 3 ko 4, kuma yana gadon halin uwarsa sak. Cibiyar binciken koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, tana cikin masu wanga aiki, haka ma ta Gana da ke garin Tafo.

GIRBI DA GYARA

A kudancin Nijeriya babban furen goro cikin damana yake fitowa, babban girbi kuwa daga watan Oktoba zuwa Disamba. Ana ɗaura wuƙa mai lanƙwasa a bakin doguwar gora, a yanko kwanson tun bai tsage ba. Wanda aka bari ya faɗo da kansa ya kwana a ƙasa, ƙwari sun riga mai shi.

Daga nan sai a fasa kwanso a fid da goron da farar rigarsa. A jiƙa shi cikin ruwa kwana guda, ko a tara shi wuri mai laima ƴan kwanaki, har rigar ta yi laushi. Sai a saɓule ta, a wanke goron. Yawanci mata ke wanga aiki, kuma da hankali suke yi, don goron da ya ji ciwo ba ya ajiyuwa. Bayan wanki a zuba shi cikin kwando kwana 3 zuwa 5 ya tsane, ya fid da gumi, ana juya shi ana tsince marasa lafiya.

Sa'an nan a shimfiɗa ɗanyen ganye mai faɗi cikin kwando, irin wanda ƴan goro ke ce ma fita, a jera goron, a rufe. Ganyen yana riƙe laima, amma yana barin goron ya yi numfashi. Wannan shi ne asirin huhun goro. In ana buɗewa a kai a kai, ana sake ganye ana tsince ɓatattu, goro yana iya kwana wata da watanni, har ya ga wata shekara.

MAƘIYAN GORO

Babban maƙiyi shi ne ƙwaron da ke kawo sankara. Ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai dogon baki, ɗan uwan wanda ke cin hatsi cikin rumbu. Yana huda goro ya saka ƙwai, tun a gona ko a wurin ajiya. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta yi ta cin ciki, ta bar baƙin gari. Cikin kamar wata guda ta zama ƙwaro, ta fito ta shiga wani goron. Daga waje goron yana iya zama sumul, sai an ɓare a ga ɓarna. Wake ɗaya ke ɓata gari: ƴan goro kaɗan masu sankara sun isa su lalata huhu.

Akwai kuma tsutsar da ke huda reshe da gindin ƙananan itatuwa. Akwai kauci, wanda muka sani a kan itatuwanmu, yana liƙe ma reshe yana shan ruwansa, maganinsa sarewa. Akwai rima da ruɓa, masu kama goron da aka jiƙa fiye da kima.

Maƙiyi na ƙarshe shi ne gatari. A farkon ƙarni na 20 an ƙiyasta kurmin Kwaddibuwa da hekta miliyan 16. Ƙidayar da aka yi a 2021 ta nuna bai kai miliyan 3 ba. A wurare da yawa kuma itatuwan goro sun tsufa ba a dasa magadansu ba. Abin da ya taɓa kurmi, ko ba jima ko ba daɗe sai ya taɓa faifan mai goro a kasuwar Tawa.

HANYAR GWANJA

Zumuncin Bahaushe da goro tsoho ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a ƙarni na 15, zamanin Sarki Abdullahi Burja, aka buɗe hanyar Gwanja. Amma ita kanta Gwanja, wadda ke arewacin Gana ta yau, ba ta da kurmin goro. Kasuwa ce. Daga kurmin Asante ake hauro da goro zuwa garin Salaga, a can fatake ke tarbonsa.

Ayari yakan tashi da jakai da takarkarai, madugu na shugabanta, jagaba na gaba. Su ɗauki kanwa da tufafi da fatu da gabu, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su komo da goro cikin waga. Tafiya da komowa takan ci wata 6 har shekara. Kowane ƴan kwanaki sai an kwance kaya an yayyafa ruwa an tsince. Manyan fataken goro su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakannin Agalawa da Tokarawa daga arewa suka gangara, daga ƙasashen Buzaye, suka zauna ƙasar Kano da Katsina. Ashe ƙasarmu tana da hannu cikin wanga fatauci tun asali.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, Salaga ta fita hannun Asante. A 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga. Sai goro ya sake hanya. Fatake irin su Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a 1877 ya rasu a 1955, suka riƙa ɗauko shi daga Ankara ta jirgin ruwa zuwa Ikko. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Da manoman ƙasar Yarabawa suka ga kasuwa ta zo ƙofar gida, sai suka dasa irin goron da Hausawa ke so a Agege da Ota da Shagamu. Har yau gbanja suke ce mashi, wato ɗan Gwanja.

Goro ya ƙetare teku ma. Zamanin cinikin bayi ya kai Jamaika da Barazil. A 1886 wani mai haɗa magunguna a birnin Atlanta na Amurka ya haɗa abin sha da ruwan goro a ciki. Rabin sunan Coca-Cola daga sunan goro aka samo shi.

SHIN ZAI YI A ƘASARMU?

Ga tambayar da kowane manomi zai yi, kuma tana da kyau. In ka binne lafiyayyen goro cikin tukunya a inuwa kana ba shi ruwa, yana iya tsira. Amma tsira daban, zama icce mai ɗiya daban. Mu yi lissafi.

Ruwan da Maraɗi ke samu a shekara wajen milimetir 500 ne. Yamai ta ɗan fi haka, Damagaram da Tawa ba su kai ba. Gaya, wadda ta fi ko'ina ruwa a ƙasarmu, wajen 800 take samu. Milimetir guda shi ne litir guda a kan fili metir murabba'i guda. Icce mai fili metir 64 a ƙasar da ake ruwa milimetir 1,500, ruwan da ke sauka a filinsa litir 96,000 ne a shekara, wato tano 480 mai cin litir 200. A Maraɗi fili kamar wannan litir 32,000 zai samu, tano 160. Saura tano 320, don icce guda, kowace shekara, shekara 7 kafin a ga goron farko. Wace rijiya ce za ta ɗauki wannan?

Ko an samu ruwan, ba a iya jiƙa iska. Muna yin wata 8 ko fiye babu ruwan sama. Hunturu yana busar da leɓen mutum balle ganyen ɗan kurmi. Zafin bazara yana haura digiri 40. A ƙasar Nufe, inda goron Laɓoji ya yi suna, cikin ƴan kurmin bakin rafi yake tsira, kuma can ruwansu ya ninka namu. Saboda haka duk wanda ya zo maka da ɗan dashen goro ya ce ka saya ka yi gona, ka riƙe kuɗinka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ruwan da icce guda na goro zai sha ya mutu, ya isa ya rayar da mangwaro da gwaiba da lemu da zogala masu ciyar da gida.

GARGAƊI GA MAI SAYARWA DA MAI CI

Ɗan goro, jarinka abu ne mai rai. Ka aje shi a inuwa, wuri mai sanyi, nesa da iskar hunturu. Ka lulluɓe shi da buhu mai laima, ba mai ɗigar ruwa ba. Bushewa tana sa shi ya yanƙwane, jiƙewa tana sa shi ya ruɓe. In ka ƙulle shi cikin leda ka bar shi a rana, zai yi gumi ya lalace. Ka riƙa tsincewa kowane sati. Mai sankara kada ka jefar da shi gefen kaya, ka ƙone shi ko ka binne shi da zurfi.

Babban gargaɗi kuwa shi ne na guba. Saboda tsoron sankara, wasu masu ajiya a ƙasashen goro sun riƙa zuba mashi maganin ƙwarin gona, har da wanda ake kira lindan, wanda ƙasashen duniya suka sa cikin jerin gubobin da aka hana a 2009. Ku tuna, goro ba a dafa shi, ba a feƙe shi. Abin da aka zuba mashi cikin mutum za shi. Ribar ƙwarya guda ba ta kai ran mutum ba. Mai saye, ka sansana kafin ka biya. In ka ji warin magani ka bar shi ko da kyauta ne. Ka wanke goro da ruwa mai tsabta kafin ka ci, ka ɓare ka duba cikinsa.

Abin da ke hana mai cin goro barci da jin gajiya wani sinadari ne da ake kira kafeyin, shi ne kuma ke cikin kafe da shayi. A cikin goro yakan kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Yana danne yunwa, amma ba ya maye gurbin tuwo. Likitoci suna shawartar mai gyambon ciki da mai hawan jini da mace mai ciki su rage shi.

Aljihu ma yana da nasa haƙƙi. Mai cin goron dala 20 kowace rana, a shekara ya ci dala 7,300, wato jika 36 da rabi. A shekarar da hatsi ke da sauƙi wannan ya sayi buhu har da saura. Ba a ce a bar goro ba, don goro zumunci ne, kuma sana'ar dubban ƴan uwanmu ce. A dai san gwargwado.

To jama'a, kun ji labarin baƙonmu. Goron da aka miƙo maka wurin suna, wani manomin kurmi ya jira shi shekara 7, wata mata ta wanke shi ɗaya-ɗaya, wani ɗan goro ya yi jinyarsa a hanya. Su sun dasa abin da ƙasarsu ke karɓa, suna cin amfaninsa har jikoki. Mu ma kowa ya duba gonarsa bana, ya bar ɗan gawo ya tashi, ya dasa abin da ƙasarmu ke karɓa.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kare mu daga fari da ƙwari. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.